Motocin da Ke Warkewa Ranar Juma'a

Ku yaran yanzu, in aka kawo muku motar da ƙofofinta suka ƙi rufuwa, sai ku soka mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ku tsaya kuna kallon gilashinta kamar masu jiran sakamakon asibiti. In na'urar ta yi shiru, ku ce a canza batirin rimot. In an canza bai yi ba, ku ce a sayo sabo dungurungum. Wannan kuke kira aiki. Ni shekara tara na yi ina gyaran makullin mota a Funtuwa, kuma mutum biyu ne kacal suka san haka. Ɗaya mijina ne. Ɗayan ko ganina bai taɓa yi ba, muryata kawai ya ji, sau ɗaya. Karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa.

A shekarun nan da auduga da masara suka yi kuɗi, manyan masu saye suka fara shigo da dogayen motocin Jamus. Direba ya murɗa makulli a ƙofarsa, sai ka ji ƙwas, ƙofa huɗu da but da murfin tankin mai duk sun rufe tare. Mutanen ƙauye har biyo motar suke yi su roƙi a sake. Ba wuta ke yin wannan aiki ba, iska ce. Inji na zuƙar iska, yana tara zuƙar a wani tulun roba a bayan mota. Daga tulun siraran tiyo suke tashi, ba su fi tsinken tsintsiyar kwakwa uku a haɗe kauri ba, su bi ta ƙarƙashin kafet zuwa kowace ƙofa, biyu-biyu: mai jan layi na rufewa, mai koren layi na buɗewa. A cikin ƙofar akwai wani ɗan ƙoƙo mai fatar roba, shi ke jan sakata. In rami ɗaya kamar na allura ya samu ko'ina a wannan doguwar hanya, zuƙar ta tsiyaye, shi ke nan. Inji na aiki komai lafiya, a kashe shi a je a yi alwala a dawo, ƙofofi sun ƙi jin magana. Kuma ramin ba a ganinsa. Jin sa ake yi.

Nan matsalarmu take. Maigidana, wanda sunansa ba zai fito daga bakina ba, mai wayarin ne, gwani kuwa. Amma kafin ya koyi wayarin ya daɗe yana aiki a injin gurzar auduga, ƙarar ta cinye masa rabin kunne, sannan wani zazzaɓi ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. In bai gane ba ya gyaɗa kai ya ce, “To, to, ba damuwa.” Da wannan ba damuwa ya yi shekaru, har wani ya taɓa gaya masa gobara ta cinye rumbunsa ya ba shi wannan amsa. Aikin waya da ido ake yi, da ɗan ƙwan gwaji. Sai dai bakanike a wancan zamani da kunne ake auna shi. Ranar da aka ce mai garejin nan kurma ne, ko keke ba za a sake kawo mana ba. Wannan shi ne abin da muke ɓoyewa, kuma shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne, tsoro ya ƙara wasa shi. Lokacin ina goyon 'yata ta fari. A yini sai na kara kunnena a hancinta sau ashirin in ji ko tana numfashi. In ta yi shiru in ce ta haɗiye noti. In ta yi kuka in ce ta haɗiye noti. Gidanmu na bayan garejin, zana ce kawai tsakaninmu, kuma babu abin da ba ya shigo mini ta ƙarƙashinta: noti, ƙusa, fiyus, duk daidai bakin yaro.

Motar farko ta wani ɗan kwangila ce daga Malumfashi. Kwana huɗu tana jingine da zanarmu, Malam ya kwance ƙofa uku bai ga komai ba. Ran Juma'a ya tayar da ita, ya kashe, ya tafi masallaci. Masu bugun mota suka tafi, mai injin niƙa ya kashe injinsa, mai rediyon shayi ya rufe. Ina shanya sai na ji wani siririn huci, irin na jariri mai mura. Na sauke yarinyar na duba, ba ita ba ce. Na bi hucin har jikin zana, na leƙa ta rami, daga ƙasan ƙofar baya ta hagu yake fitowa, kuma yana raguwa har ya ɗauke. Da Malam ya dawo na tsaya a gabansa na buɗe baki sosai na gaya masa. Ya yi dariya ya ce in koma wa tukunyata. Amma da la'asar na ji yana kwance ƙofar. Wadda bai taɓa ba ce. Sai ga shi ya shigo mini da tsire.

Daga nan koyo ya fara. A tsakar gida ya riƙa kawo mini tsofaffin ƙoƙo da guntayen tiyo yana nuna mini. Kayan aikina ba su da yawa. Sukundireba ɗaya mai guntun ƙota. Wuƙar yankan kuɓewa da ta dakushe, da ita nake ɓamɓare allon ƙofa ba tare da na yage shi ba. Tsinken tsire, na toshe bakin tiyo. Famfon keke da Malam ya juya fatarsa, ya koma zuƙa maimakon hura. Sai babban cikinsu, harshena. Ki raba tiyon a mahaɗa, ki toshe can, ki tsotsa nan, ki ɗora harshe a baki. In ya kama harshen ya riƙe kamar ƙahon wanzami, wannan layin lafiyarsa ƙalau. In ya sake, mai laifin na ciki. Haka za ki bi su ɗaya-ɗaya har ki ware ƙofar, sannan ki ja famfo, ki ɗauke numfashi, ki saurara. Na tsotsi ƙura, na tsotsi mai, na taɓa tsotso kyankyaso da ransa. Ku da kuke sa safar hannu kafin ku taɓa batir, ina gaishe ku.

Tsarinmu shi ne: mota ta kwana zuwa Juma'a ko da ran Asabar aka kawo ta. Malam ya ce ana jiran kaya daga Zariya. In an tafi masallaci in fito da goyona, in nemo ramin, in zare zare daga bakin zanena in ɗaure a wurin. Lokacin da nake da shi bai kai a dafa wake ba. In Malam ya dawo sai ya zagaya motar, ya kara kunne nan, ya kara can, ya ɗaure fuska, sannan ya sa hannu daidai kan zaren ya ce a nan ciwon yake. Direbobi su riƙe baki. Ni aikina nema da alama, nasa gyara a gaban mutane. Ya sha gaya mini kada in wuce nan.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ita ce kuma shekarar da kayan mota suka ɓace daga kasuwa. Lasisi mai sayar da kayan gyara, Bayarabe ne amma haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa, ya ce wa Malam ko Legas ya je ba zai samo ƙoƙon ƙofa ba, in ma ya samo sai dai a sayar da ƙofar a saye shi. A wannan shekara na gane cewa robar ƙarin ruwa ta kemis daidai take da bakin tiyon, in ka tsoma ta a ruwan zafi ta shige ta kama. Na gane robar bakin fidar yarinya, in an yanke ta an shimfiɗa da gam ɗin facin keke, tana toshe fatar ƙoƙo ta yi damina biyu. Akwai manyan mutane da suka yi ta shiga taro da fidar 'yata a cikin ƙofarsu. Lasisi ya taɓa tambayar Malam me ya sa mai wayarin ke sayen fida dozin guda. Malam ya ce masa to, to, ba damuwa.

A cikin wannan shekara motar Alhajin Bakori ta zo. Haka muke kiransa. Babban mai sayen auduga da masara ne, wanda in ya ce gahawar wane ba daɗi, gobe wane ya koma sayar da goro. Abin da ya kawo shi abin dariya ne ga kowa ban da shi. Ana wahalar mai, direbansa Ɗanlami ya yini a layi da inji a kashe ana turawa, da suka iso bakin famfo murfin tanki ya ƙi buɗewa. Mutane na bayansu suna ihu, Alhaji na ciki da babbar riga. Aka tura su gefe kamar jakin da ya gaji.

Na sami ramin a inda tiyo ke ratsawa daga jikin mota zuwa ƙofar baya, cikin wata robar da ke lanƙwashewa. Malam ya yi faci. Bayan sati biyu ta dawo. Na sake samun wani ramin, ɗan yatsa ɗaya daga na farko. Ya sake faci. Kafin wata ya cika muka ji labari Alhaji ya ce wannan ba ciwon mota ba ne, jifa ne daga abokan gaba, har an yi wa motar tofi an rataya mata laya a madubi, an yanka mata rago. Da ragon bai yi ba, sai fushin ya dawo kanmu.

Ran wata Juma'a da hantsi ya zo da kansa. Ina jin sa ta zana. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a riƙa yi masa wasa da hankali. Ya ce in an sauko daga masallaci zai zauna a kan bencin nan, Malam ya nemo ciwon a gabansa yana kallo, in ya kasa zai kai ta Kaduna, kuma kafin ya kai sai duk mai mota daga nan zuwa Malumfashi ya ji. Malam ya kama rabin maganar, ya ba shi amsar da ya saba. Alhaji ya ce akwai damuwa kuwa. Da lokacin salla ya yi ya ce su tafi tare a ƙafa, har da Ɗanlami. Malam ya wuce ta bakin zana ya yi tari sau biyu, ya jefo makullin ta ƙasa.

Na ɗauki makullin na fito. Na buɗe ƙofar baya, na janye robar nan mai lanƙwasa, na tsotsa, harshe bai kama ba. Ban ma ɗauki famfo ba, don wannan karon ramin a fili yake, kusa da zarurrukana biyu na baya. Na kawo shi kusa da ido. Ba tsagewa ba ce, ba gogewa ba ce. Gefensa tsaga-tsaga ne ƙanana, irin wanda nake gani a bakin ƙwaryar da na manta ban kife ba. Sai hancina ya ji abin da ya kamata ya ji tun zuwan farko. Robar ƙofar nan baƙa wuluk, tana ƙyalli, tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na shafa na lasa. Man gyaɗa. Ɗanlami ne ke bin robobin motar yana shafe su da man gyaɗa don su yi sheƙi a yaba masa, sannan ya kai ta ya ajiye a gindin sito cike da masara. Na ɗaga kafet, ga kashin ɓera nan kamar an watsa riɗi. Abokan gaban Alhaji ke nan.

Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗaura zare in koma gida. Amma sai tunani ya taso mini. In Malam ya ruɗe a gaban Alhaji fa? In bai ga zaren ba? In ya yi faci a nan alhali akwai wani ramin a gaba? In Alhaji ya tsaya a bayansa yana yi masa magana? Kafin in gama jero wa kaina masifu, hannuna ya riga ya yanke wurin da aka ci. Na ruga na tsomo robar ƙarin ruwa a ruwan tuwo, na haɗa, na ɗaure bakin biyu da zaren zanena. Na bi sauran ƙofofin da harshe, na sami wani cizon a ƙofar gaba, na gyara shi. Na wanke robobin da omo da toka. Yarinyar ta farka ta fara zillo, na kwance ta na zaunar a kujerar Alhaji, ina aiki da hannu ɗaya, ɗayan na kan bakinta kada ta sa wani abu. Na tayar da motar kamar yadda Malam ya koya mini don tulun ya cika, na kashe, na mayar da komai, na bar makulli a jikin ƙofa. Ina shiga gida ina jin takun masu saukowa.

Sai da na zauna a bayan zana na gane abin da na yi. Malam bai bar gefen Alhaji ba tun hantsi. Sahu ɗaya suka yi salla.

Ta ramin zana na ga Alhaji ya nufi motar kafin ya zauna, yana cewa bari ya nuna wa Malam iskancin da take yi. Ya murɗa makulli. Ƙwas, duka huɗu. Ya buɗe, ƙwas. Ya zagaya ya taɓa murfin tanki, ya buɗe kamar bai taɓa yin gardama ba. Ɗanlami ya fara salati, ya ce ragon ne ya ci sai yanzu. Malam ya tsaya da baki a buɗe, ko ba damuwar ma ta ƙi fitowa.

Alhaji ya juya ga direbansa. Ya aiki Ɗanlami sayen goro a can bakin tasha. Ya buɗe ƙofar baya, ya durƙusa da babbar rigarsa, ya janye robar. Ya daɗe yana murza zaren nan tsakanin yatsunsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana taɓa auduga ba sai an gaya masa zaren atamfa ba. Ya miƙe, ya ɗauko wani abu daga kan kujerarsa: hular saƙa ta yarinyata, ja, mai tuntu. Ya dubi hular, ya dubi zana. Sannan ya juya wa Malam baya, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Malam, me ke cin tiyon nan?”

Malam na bayansa taku biyu, yana kallon taya. Alhaji ya sake tambaya, ya ɗan ɗaga murya. Shiru. Na ga ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gama auna buhu. A raina na ce shi ke nan, gobe sai sayar da ƙosai.

Ya matso jikin zana, har ina ganin zaren takalminsa, ya rage murya fiye da da.

“To, mai hular nan. Uwarta na ji na?”

Na yi niyyar yin shiru. Amma na tuna in ban faɗa ba Ɗanlami zai sake shafawa, motar ta sake dawowa.

“Ɓera ne, Alhaji,” na ce. “A ce wa direba ya bar shafa wa robar man gyaɗa. Kuma a daina kwantar da ita a bakin sito.”

“Ɓera.”

“Ɓera, ranka ya daɗe.”

“Ba mutum ba.”

“In dai ba mutumin ne ke kashi kamar riɗi ba.”

Na ji wani sauti ya fito masa ta hanci, ban sani ba ko dariya ce ko takaicin rago. Ya rataye hular a kan tsinken zana. Ya juya ya fuskanci Malam sosai, ya buɗe baki yadda nake buɗewa, yana ware kalma ɗaya-ɗaya, ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara albarka. Da Ɗanlami ya dawo da goro, Alhaji ya tambaye shi ko motar ƙosai ce da yake soya ta, ya ce in ya sake ganin kwalbar mai a but sai ya shayar da shi ita.

Sati guda ban ci abincin kirki ba ina jiran labari ya fashe. Malam, da na gaya masa yadda aka yi, abin da ya ce kawai shi ne ai ya ce mini zare, zare kaɗai. Labari ya fashe kuwa, amma ba wanda nake jira ba. Alhaji ya shiga gaya wa abokansa cewa mai wayarin ɗin nan na Funtuwa ba a banza yake ba. A kai masa mota ran Juma'a da hantsi, a bar makulli a jiki, a kwashe direba da kowa a tafi masallaci tare da shi, kada a bar ko yaro a wurin, kada kuma a cika shi da surutu don ba ya son magana. Ban taɓa sanin dalilinsa ba. Ko tausayi ne, ko kuwa ya auna ya ga in ya tona mu dole ya faɗi cewa ɓera ya yanka wa rago. Ni dai na fi zargin na biyun, Allah ya jiƙansa.

Daga ranar aikina ya wuce zare. Juma'a na yi za ka ga dogayen motoci uku, wani lokaci huɗu, a jere jikin zanarmu, daga Bakori, daga Gozaki, har daga Musawa. Na haifi biyu a cikin shekarun nan, duk a kujerun alhazai suka koyi zama. Aka sa wa Malam suna Na-Juma'a, sunan da ya bi shi har kabari. Wasu har kawo mota suke yi lafiyarta lau, wai ta sha albarka. Mun yi haka har motocin iska suka ƙare, masu waya da rimot suka shigo, aikin ya koma na ido, ya koma hannunsa.

Watan jiya ɗayanku, mai na'urar nan da ke gyara a inda garejinmu yake a da, ya tare ni a hanya ya gaishe ni. Ya ce shi fa ya ji tarihi, an ce marigayi aljana gare shi da ke yi masa aiki in an tafi masallaci. Ya rage murya ya ce, Hajiya, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganinta?

Na ce na santa sarai. Gajera ce, da goyo a baya, bakinta na warin fetur, kuma duk abin da take yi a tsorace take yi.